Injin faskare na bayan tarakta: in saya ko in bayar a ƙera?

Tambaya: Ina da tarakta Massey Ferguson 375 a Jega. Da damina tana aikin haro da huɗa, da rani kuwa sai ta zauna, in ban da ɗan jigila. Ina kuma sayar da itace ga gidajen burodi da mata masu gumi. Kuɗin 'yan faskare ya hau, kuma akwai gumaguman da suke ƙi taɓawa. An turo mini hoton injin faskare da ake rataya wa tarakta, an ce tan 30 ne. Wani mai walda kuma ya ce zai haɗa mini a gida. Wanne ya fi? Kuma a man tarakta ake jona shi ko a shaf ɗin baya?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Kafin komai, ka ajiye maganar tan 30 ɗin nan a gefe. Ita ce lambar da mai sayarwa ya fi so ka kalla, amma ba ita za ta gaya maka yawan itacen da za ka tara daga safe zuwa azahar ba. Injin faskare ba shi da ƙarfin kansa. Dogon ƙarfe ne da silinda da bawul mai hannu da bakin gatari. Duk abin da zai yi, man haidirolik ne ke yi masa, kuma abu biyu ake tambaya a kan man nan: da wane matsi yake zuwa, kuma lita nawa ke zuwa a minti ɗaya. Matsi ke ba da ƙarfin tsaga, yawan lita ke ba da sauri. Mutanenmu kan sayi na farkon su manta da na biyun, sai inji ya iso a tsaya ana kallonsa yana jan jiki, mai gatari a gefe ya riga ya gama da gungume biyu.

Ga lissafin, ka riƙe shi, don da shi za ka kama mai sayarwa. Tarakta irin taka, in famfonta na da lafiya, matsin manta yana tsayawa wajen bar 200. Bar ɗaya kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan kowane sikwaya santimita. Silindar da faɗin cikinta milimita 100 ne tana da fuska sikwaya santimita 78 da rabi. Ninka da 200, ka sami kilo 15,700, wato tan 16 ba kaɗan. Mai milimita 80 tan 10 za ta ba ka. Mai 125 ta kusa tan 25. Kafin a sami tan 30 a wannan matsi, sai silinda ta kai milimita 140. Saboda haka ka ce wa mai hoton ya ɗora awo a kan silindar ya gaya maka. In ya ce 100 ce, to tan 30 ɗin a jikin fenti take. An lissafa ta da matsin da taraktarka ba ta kaiwa, ko kuma an dai rubuta ne kawai.

To, a ce da gaske 140 ɗin ce. Nan ma ba ka tsira ba. Famfon da ke cikin giyabos ɗin 375, wanda ke ɗaga haro, ƙarami ne. Lita 16 zuwa 17 yake turawa a minti, shi ma sai an ba injin wuta sosai, kuma sai in famfon bai gaji ba. An yi shi ne don ya ɗaga garma ya sauke, ba don ya wuni yana cika silinda ba. Silinda mai 100 da ke tafiyar santimita 60 tana shan lita 4.7 kafin ta miƙe gaba ɗaya. A lita 16, sakan 18 ke nan zuwa, dawowa kuma wajen 13, da yake sandar ta cinye wani wuri a wancan ɓangaren. Rabin minti a kan tsaga ɗaya. Mai 140 kuwa ta haura lita 9, zuwa da dawowa minti guda cur. Ka tuna gungume mai kauri yana son tsaga shida ko takwas kafin ya zama abin da mai gumi za ta iya turawa ƙarƙashin tukunya. Babbar silinda a kan ƙaramin famfo asarar dizal ce da ta wuni.

Kuma kada ka dogara da abin da littafi ya ce game da taraktarka, ka auna. Ka sa makanikenka ya jona tiyo a inda mai ke fita, a saka bakinsa cikin jarka mai tsabta, busasshiya. A bar tarakta ta yi zafi tukuna, don mai mai sanyi ƙarya yake yi. A kai totur inda za ka riƙa aiki, a buɗe man sakan 15 da agogon waya, a rufe. Abin da ya taru a ninka huɗu. Kada a wuce sakan 15, giyabos ne kake kwashe wa mai, kuma a tace shi kafin a mayar. Daga nan a ɗaura geji, wato agogon awon matsi, a ga inda allura ke tsayawa. Tarakta da ta sha shekaru tana haro a fadamar Jega, ba abin mamaki ba ne ka ga lita 11 da bar 150. In haka ta nuna, silinda mai 100 tan 12 za ta ba ka, kuma a hankali.

Yanzu maganar inda ake jonawa. Hanya ta farko ita ce a ɗebi mai daga tarakta kai tsaye. Ta fi araha, ba famfo ba tanki. A Massey irin taka, in ba ta zo da bawul na waje a baya ba, sai an sa ɗan bawul mai juya mai a saman murfin haidirolik, ƙarƙashin kujera, sannan a kai libar gefe wurin da famfo ke turawa ba tsayawa. Da zarar an juya man waje, hannuwan baya sun daina amsawa, don haka sai ka sauke injin ya zauna a ƙasa tukuna. Man da ke dawowa kuma a ba shi hanya mai faɗi ya koma giyabos, ba tare da an matse shi ba. Akwai wani abu da masu John Deere za su lura da shi: tsofaffin samfuransu famfonsu ba ya zagaya mai kullum, yana riƙe matsi ne ya jira, bawul ɗin da ya dace da su daban ne da na Massey. In an sa musu irin na Massey, mai zai yi ta gudu yana zafi a banza. Wannan bai shafe ka ba, amma maƙwabci zai zo aro.

Abin da ya sa ba na son wannan hanya ga mai sana'a irinka ba jinkirin kaɗai ba ne. Man nan shi ne man giya, shi ne kuma wanda birki ke iyo a ciki a taraktocin da birkinsu na cikin mai ne. Duk yashin da ya shiga ta bakin tiyo a filin itace, cikin tarakta ya tafi. Duk zafin da aikin ya haifar, giyabos ne ya sha. Kana cin famfon da za ka nema ido rufe ranar da ruwan farko ya sauka manoma suka yi layi a ƙofarka. In faskaren na gidanka ne, kwana biyu a wata, ba laifi, ka sa silinda mai 80 ko 90 ka yi haƙuri da ita. In na kasuwa ne, a'a.

Hanya ta biyu ita nake ba ka shawara: inji mai famfonsa da tankinsa, wanda shaf ɗin baya ke juyawa, wato fitiyo. Shaf ɗin taka mai haƙora shida ne, yana juyi 540 a minti idan injin tarakta ya kai wajen 1,800. Famfon giya ba ya aiki sosai a wannan juyi, shi ya sa ake haɗa shi da ƙaramin akwatin giya mai ninka gudu sau uku ko kusan huɗu. Famfo mai si-si 20, wato mai tura mililita 20 na mai a kowane juyi, a bayan akwati mai ninki 3.8 yana ba da wajen lita 40 a minti. Silindar nan mai 100 da ta ɗauki rabin minti, yanzu sakan 12 za ta je ta dawo. In ka samu mai si-si 25 ya fi, don sai ka rage totur zuwa 1,400 ka sami kusan wannan saurin da ƙarancin mai da ƙarancin ƙara. Akwatin nan dole a ɗaure shi da sarƙa ko ƙarfe a jikin tarakta, in ba haka ba shi ma juyawa zai yi ya nannaɗe tiyo. Tanki kada ya gaza lita 50 ko 60. Waɗanda ake kawowa daga Turai tankinsu ƙarami ne, don an yi su ne wa masu faskare cikin sanyi. Mu nan a watan Afrilu zafi na haura digiri 40 kafin a kunna komai.

Amma bari in faɗa maka abin da mai hoton ba zai faɗa ba. Ƙarfin da aikin ke ci, ka ninka bar da lita ka raba da 600: bar 200 sau lita 40, kilowat 13 ke nan, doki 18, kuma wannan a lokacin da gatari ya ciji itace ne kawai. In daga man tarakta ne, doki 7. Taraktarka doki 75 ce. Kamar a ɗauko tirela ne a kai buhu ɗaya kasuwa. Dizal na tafiya, awa na hawa a mita, lokacin juye na matsowa, kuma injin dizal da ke daɗewa yana aiki ba kaya ba ya jin daɗi: yakan fara hayaƙi da tsiyayar baƙin mai ta salansa. In itacenka wuri ɗaya ake sauke maka, a fili ɗaya kake faskarawa kake sayarwa, to inji mai zaman kansa ya fi maka sauƙin riƙo. Ƙaramin injin fetur mai doki shida da rabi, irin wanda ke jikin injin ban-ruwa da ya cika fadamun Kebbi tun da noman shinkafar rani ya bunƙasa, in aka haɗa shi da famfo mai hawa biyu, yana tura silinda mai 100 da kyau. Famfon yana gudu da sauri in ba kaya, ya koma a hankali da ƙarfi in ya ci karo. Kowane yaron gareji ya san injin, kayansa na ko'ina. Tarakta tana cin riba ne idan kai ke bin itacen: gonar mangwaron da aka sare a wani ƙauye, dogon yaron da iska ta kayar a makaranta, kututturan da aka tumɓuke a filin gini. Ka je da inji a baya, ka faskara a can, ka ɗoro a tirela. Kafin ka yanke, ka cika tanki fal, ka bar tarakta tana juya fitiyo awa ɗaya, ka sake cikawa da ma'auni. Kuɗin wannan dizal da ladan yara biyu, ka kwatanta da abin da 'yan faskare ke karɓa a kan itacen da za a yi a awa ɗaya.

Kuma ka kwatanta da gaskiya. Dogon yaro miƙaƙƙe ko malaina, ƙaƙƙarfan mutum da gatari mai kyau ba ya jin tsoron inji. Ribar injin tana cikin gumaguman da ka ce suna ƙi: mararrabar reshe, gindin bishiya, tsamiya mai murɗaɗɗen jiki, bagaruwa, aduwa, busasshen turare, marke da kirya. Waɗannan ake bari a yashe ko a sayar a wulaƙance, kuma su ne masu burodi suka fi so, don wutarsu na daɗewa, garwashinsu ba ya mutuwa da wuri. Saboda su ne na ce silinda mai 100, ko 110 in ka samu, tan 16 zuwa 19. Wannan ya ishi kusan duk abin da za ka kawo, in gatarin siriri ne kuma mai aikin ya san inda zai sa shi. Gatari mai baki huɗu, wanda ke raba gungume gida huɗu a tafiya ɗaya, yana da kyau a hoto. A itacenmu mai gaɓoɓi maƙalewa yake yi. In za ka saya, ka sayi wanda ake zarewa, ka ajiye shi don miƙaƙƙen itace. Kuka da giginya kuwa kada ka ɓata dizal a kansu.

Tsaye ko kwance? Na kwance ya fi sauri a ƙananan gumagumai, amma sai an ɗaga kowanne an ɗora, kuma gindin mangwaro ɗanye ba abin da mutum biyu za su wuni suna ɗagawa ba ne. Na tsaye, wanda gatari ke saukowa daga sama, mirgino gungume kawai ake yi a tsayar da shi a kan faranti. Ga irin kayanka na tsaye ya fi. Ka tabbatar fil-fil ɗin ratayawa sun dace da hannuwan taraktarka: na 375 masu milimita 28 ne a ƙasa, 25 a sama. Ƙananan injuna kan zo da masu 22, sai an sa musu bushi.

Batun mai walda, ban hana ba. Akwai masu hannu a Birnin Kebbi da Jega, kuma abin da ya gagara ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sai dai ka tsaya a kan wasu abubuwa da kanka. Silinda kada ya kawo maka ta tifa. Ta tifa gefe ɗaya take turawa, nauyin bodi ne ke mayar da ita, a nan kuwa ba abin da zai mayar. Ta katafila ko ta loda ake nema, mai bakin mai biyu, kuma ka shafa sandar da tafin hannu: in ka ji karce ko tsatsa ta ci ta, za ta yi ta yanka sil, wato robar da ke hana mai yoyo. Dogon ƙarfen ya zama bim mai kauri na gaske, a ƙara masa haƙarƙari a inda gatari da faranti suke, don tan 16 na neman buɗe shi ne a kowace tafiya, kuma lanƙwasa kaɗan ta isa ta karkatar da sandar silinda. Bakin gatari da yawa kan yi shi da sifirin na babbar mota. Yana ci, amma irin wannan ƙarfe in ba a ɗumama shi kafin walda ba, aka kuma yi da kowane irin ilaktirod, tsagewa yake yi a gindin waldar, wata rana ya yi tsalle. Bawul kuwa a sayi na injin faskare, mai rilif a jikinsa, wanda ke sakin mai in matsi ya kai iyaka, kuma wanda hannunsa ke komawa tsakiya da kansa in an sake shi. A saita rilif da geji, ba da kunne ba. Tiyo mai waya biyu, rabin inci, wanda aka matse kansa da inji. Tiyon da aka ɗaure da waya ko kilif a bar 200 ba tiyo ba ne. Na tsotso daga tanki ya fi sauran faɗi, inci ɗaya ko fiye, kuma a sa filta a hanyar dawowa.

In ya ce maka akwai wata dabara mai sauƙi, a sa ƙarfe mai tsini da zare kamar sukuru a bakin fitiyo ya riƙa huda itace yana tsagawa, ka ce masa ka gode. Wannan ba ya tsayawa don an saki hannu. In ya kama gungume ya juya da shi, ko ya kama hannun riga, kafin a kai ga kashe tarakta an gama.

Ko saye ko ƙira, kada ka cika kuɗi sai an gwada a gabanka da itacenka. Ka tafi da mararrabar tsamiya ko kirya guda. Ka tsaya gefe ka kalli abu uku: allurar geji, bim ɗin, da bakin silinda. Gatari zai taɓa itace, allura ta yi sama, injin tarakta ya ɗan nisa, sai ka ji ƙas, allura ta faɗo, sauran tafiyar ta zama wasa. In allura ta kai ƙarshe ta tsaya, bawul na kuka, gungume ko gezau, a saki hannu a juya shi. In ka ga bim ya yi ciki ya dawo, ko faranti ya ɗaga, ka karɓi kuɗinka.

Wajen aiki, rabin sauri daga mai zarto yake. A yanka gumagumai tsawo ɗaya, daidai da tandar mai burodi ko murhun mai gumi, kuma a yanka baki a miƙe. Gungume mai karkataccen baki zamewa yake yi ya harbo. In tsawon santimita 40 kuke yi, kada a bar silinda tana komawa har 60, a sa mata abin tsayarwa, kashi ɗaya cikin uku na lokaci ke nan ka tsira da shi. Babban gungume ba a fara shi ta tsakiya. Ana ɓantarar gefe ne ana zagayawa har ya rage cibiya. A nemi tsagar da rana ta riga ta fara a bi ta. Mararrabar da ta ƙi sau biyu a ba zarto, ba a jayayya da ita. Turare da mangwaro sun fi daɗin tsaga suna ɗanye, kuma faskararren itace ya fi gungume saurin bushewa nesa ba kusa ba. Dogon yaron cikin gari kuwa a duba shi da kyau, ƙusoshi da wayar shanya sun shige jikinsa shekara da shekaru.

Wata ɗabi'a da ke kashe inji: yaro ya kai silinda ƙarshe ya ci gaba da danne hannu yana hira. A lokacin duk man yana bi ta rilif ne, kilowat 13 ɗin nan ta zama zafi zalla. Man haidirolik ya fi son ya zauna ƙasa da digiri 60. In ya doshi 80 ya tsinke, sil ya fara ƙonewa, ƙarfi ya ragu. In ba za ka iya barin tafin hannunka a jikin tanki ba, a huta. Da bazara a fara bayan asuba a tashi kafin rana ta take, a ajiye tanki a inuwa. Mai na tankin daban ka sa mai lamba 68, ko 46 da hunturu. Wannan ba shi ake zuba wa giyabos ɗin tarakta ba, nata daban ne, kada a gauraya. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Bakin jonawa a goge shi kafin a cusa, a rufe shi in an cire, murfin tanki ya zama mai numfashi da filta, ba tsumma ba. Mazurari da jarkar mai a ajiye su cikin leda.

Yanzu abin da ya fi kuɗin injin. Mutum ɗaya ne ke ɗora itace, kuma shi ne ke jan hannun bawul. Yawancin yatsun da injin nan ya ci, wani ne ke riƙe da gungume wani ya ja. A Turai doka ta sa sai da hannu biyu ake sarrafa irin wannan inji, don kada ɗaya ya sami damar zuwa wurin gatari. In naka ya zo da haka kada a ɗaure ɗaya daga cikin hannuwan injin da roba don sauri. Gungume ta gefe ake riƙe shi, ba ta kai ba, kuma ba a sa yatsa cikin tsagar da ta buɗe, don in gatari ya ja baya rufewa take yi. Gungumen da ya maƙale a jikin gatari a buge shi da guduma. Shaf ɗin fitiyo yana juyi tara a sakan ɗaya. Babbar riga, hirami, rawani, igiyar wando mai lilo, duk a bar su a gida, kuma murfin shaf ya zauna a wurinsa. Yara za su taru tsintar ɓawo da 'yan guntaye, wannan ba makawa. Ka ja musu layi nesa, ka ce sai an kashe inji. A ja birkin hannu, a sa giya a furi, a sa dutse a taya, kuma a share busasshiyar ciyawa daga wajen salansa.

Akwai haɗarin da mutane ba su sani ba. Tiyo kan yi ɗan huji da ido ba ya gani, mai na fita siriri. Makanike ya bi da yatsa yana neman wurin, man ya huda fata ya shige. Abin da za a gani ɗan ɗigo ne kamar cizon sauro, sai a shafa man zafi a ci gaba da aiki. Man kuwa yana ciki yana kashe nama, kwana ɗaya ko biyu yatsa ya kumbura ya yi baƙi. Da kwali ake neman yoyo, ba da hannu ba. In ya riga ya faru, ba kemis ba, ba mai ɗori ba. A wuce babban asibiti a Birnin Kebbi a ranar, a gaya wa likita ƙarara cewa man haidirolik ne mai matsi ya shiga, don aikin tiyata ne kuma awoyi ake ƙirgawa. Kafin a kwance kowane tiyo a kashe tarakta, a kaɗa hannun bawul gaba da baya har matsin ya sauka.

Faskararren itace a jera shi a kan duwatsu ko tsofaffin ƙarafa saboda gara, a bar iska na ratsawa. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, sai ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari yake ci ba hayaƙi, kuma mai burodi zai gane bambancin tun a tandar farko. Mai kwasar tsohon tari ya sa safar hannu da takalmi rufaffe, kunama da kububuwa na son wurin.

Sai inda itacen zai fito, don inji mai cin gungume a sakan 12 yunwa gare shi. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda hukumar Great Green Wall mai yaƙi da kwararowar hamada, da aka kafa da doka a 2015, ke aiki a cikinsu. Ka je wurin malaman daji na ƙaramar hukumarka ka san abin da ke buƙatar takarda kafin ka zuba jari. Madobiya tana cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido, ka nisance ta. Kaɗanya da ɗorawa da gawo suna tsaye sun fi kuɗin wutarsu, kuma mai gona ya sani. Ka kuma tuna hanya na iya rufewa dare ɗaya: a 2021 gwamnatin Katsina ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji saboda tsaro. Wanda ya ƙulla da masu tsofaffin gonakin mangwaro, da masu sassabe, da masu shukar turare da dogon yaro, shi ne injinsa ba zai zauna ba.

In damina ta kawo kai za ka sauke shi ka ɗaura haro, ka mayar da sandar silinda ciki gaba ɗaya, abin da ya rage a waje ka shafe shi da giris, haka ma bakin gatari da hanyar da yake bi. Ka saki matsi kafin ka cire tiyo, ka toshe bakunan, ka cika tanki don kada raɓa ta taru a ciki. Famfo da akwatin giyarsa ka kwance su ka shigar ɗaki, sauran kuma a ɗora a kan katako a rufe da tamfol.